Matsarmamar Kapitao

Litinin, 6 ga Oktoba, da sassafe

Har yau ba a same ta ba. Maza sun bi gaɓar Luangwa da kwale-kwale har ƙasan mashaya, sun dawo da zaninta da tukunya ɗaya. Ana zaman makoki a gidan surukata babu gawa. Mata suna kuka, in sun gaji su ɗago su kalle ni.

Tisa ƙanwar mijina ce, amma ni na koya mata kitso, ni take wa tsiya wai tun da na fara girki a masaukin baƙi nshimata, tuwon masarar da nake tuƙawa, ta zama ta Turawa, ba ta riƙe ciki. Ranar Juma'a ta sauka kogi wanke tukwane, kamar kowace mace a garin nan. Iya abin da hannuna zai iya rubutawa ke nan.

Mijina Wedson bai ce mini komai ba. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Talata, 7 ga Oktoba, bayan abincin rana

Na koma aiki, don masauki ba ya makoki. Ɗakuna cike suke da baƙi, sun zo ganin giwa da zaki, kuma ko wa ya mutu sai an soya musu ƙwai.

Bwana Dirk, manajanmu, ya ce a dakatar da kiran Kapitao. Aikin Atate ke nan, mahaifina, tun ina goye. Kullum in rana ta kusa faɗuwa baƙi su jeru a barandar katako da ke bisa ruwa, shi kuma ya sauka matakala da bokitin kawunan kaji da hanji, ya bugi tsohon bakin garma, ya ce, "Kapitao! Taho ka karɓi albashinka!" Sai ruwa ya tsage, kada ya taso, tsawonsa ya kai kwale-kwale. Baƙi su yi ta ihu suna ɗaukar hoto, wata har da kuka don daɗi.

Jiya ba wanda ya kira shi, amma ya zo. Ya kwanta ƙarƙashin baranda da baki buɗe har duhu ya shiga.

Na ce, "Atate, ka ji abin da ake faɗa a gari?"

Ya ce mini, "Ene, kogin nan kadoji nawa ne a ciki? Ƙirga mini. Wanda ya ƙoshi da kaza kullum me zai yi da mutum?"

"Ba ni za ka faɗa wa ba."

"To wa zan faɗa wa? Duk wanda ke maganar nan na ga ranar da aka yanke masa cibiya."

Haka yake. Yana ganin wanda ka goya ba zai taɓa ɗaga maka hannu ba.

Laraba, 8 ga Oktoba, da yamma

Surukata ta tare ni a bakin rijiya, gaban kowa.

"Ke 'yar Sakala, tsaya in tambaye ki. Akuyarki in na kira ta, za ta zo?"

Ba ta jira amsata ba.

"Ba za ta zo ba, don ba tawa ba ce. To ubanki yana kiran kada da suna, kada yana amsawa. Na wane ne?"

Na ce, "Amai, ƙarar ƙarfe yake ji, da ƙaurin hanji."

"Au, har kin san sirrin! Ku ji, ta sani!"

Na bar bokitina a wurin. Har yanzu ba wadda ta kawo mini shi.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da hantsi

An jefi rufin Atate har kwano ya lotsa, an sare masa akuya a turke. Ya kwaso bargonsa ya dawo ɗakunan ma'aikata a cikin masauki.

Asabar, 11 ga Oktoba, da yamma

Samari sun gindaya itace a hanya, sun tare motar yawon daji da baƙi a ciki. Sun fizgo direba, sun fasa masa baki da gora, haƙoransa biyu suna can cikin yashi. Baƙin ba a taɓa su ba. Wani a cikinsu ya ɗauki hoton abin, da ya dawo yana nuna wa 'yan uwansa a teburin shayi, tsakanin hoton damisa da na raƙumin dawa.

Mai gari ya aiko: a kashe kadan, ko kuwa ba motar da za ta sake bin hanyar. Bwana Dirk ya yi ta zagaye ofis yana jan gemu, a ƙarshe ya kira ma'aikatan gandun daji.

Amai Zgambo, shugabar kicin, ta ce, "Ato. A kashe shegen a huta. Ni da ma ban taɓa sonsa ba, idonsa irin na tsohon mijina."

Na yi dariya, karo na farko tun ranar Juma'ar can. Sai kuma na ji kunya.

Litinin, 13 ga Oktoba, da rana tsaka

An yi. Bari in rubuta yanzu, don an jima ba zan so tunawa ba.

Aka jira baƙi suka fita yawon safe. Ma'aikatan gandun daji suka hau baranda da bindigogi. Suka jira, kada bai fito ba, don ba lokacinsa ba ne. Sai Bwana ya dubi Atate. Atate ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ɗauki bokiti ya sauka. Ya bugi ƙarfe. Bai ce albashi ba yau, sunan kawai ya kira, a hankali.

Ya zo. Wallahi ya zo kamar kare, baki buɗe.

Harbin farko ya fasa masa ido. Ya birkice, wutsiyarsa ta kwashe matakala, katako ya yi sama, saura ƙiris ta haɗa da ƙafar Atate. Suka yi ta harbi, ruwa ya yi ja har gaɓa, dorinai suka yi ta gurnani a can tsallake. Da ya daina motsi aka ɗaura masa sarƙa, tarakta ta jawo shi kan yashi, haɓarsa tana huɗar ƙasa. Suka farke cikin. Duwatsu, ƙasusuwan kaji, kofaton gada. Babu abin da ya yi kama da na mutum, ko ɗan kunne.

Atate ya ce, "Bwana, a aika a kira mai gari. Ba a taɓa matsarmama sai yana tsaye."

Yaron goye ma a kwarin nan ya san wannan. Matsarmamar kada, ɗigo ɗaya a tulun giya ya isa ya kwantar da gida guda. Shi ya sa in an kashe kada, gaban mai gari da dattawa ake cire ta, a gaban idonsu ake nutsar da ita, kowa ya koma gida ya ci abinci da kwanciyar rai.

Bwana ya dubi agogo. Ya ce baƙi sun kusa dawowa karin kumallo, ba zai yarda su tarar da mahauta a gaban baranda ba, a kwashe komai yanzun nan. Ma'aikatan gandun dajin ba 'yan nan ba ne, fata da kai kawai suka sani, suka shiga lodi. Leburori kuwa sun kewaye gawar, kowa da wuƙarsa.

Ni ina can ina haɗa tebur. Da na leƙo sai na hango Atate shi kaɗai a kwale-kwale, tsakiyar kogi.

Da ya dawo na ja shi bayan kicin. "Me ka je yi?"

"Na cire ta da hannuna, na ɗaure da dutse, na sake ta a gurbi mai zurfi. Kin ga yaran nan da wuƙaƙe? Wani zai sa a aljihu, gobe a ji wani gida ya mutu."

"Atate, wa ya gan ka?"

"Allah ya gan ni."

"Allah yana zuwa ƙofar mai gari ba da shaida?"

Ya ce in rage murya, ni ba uwarsa ba ce. Na so in kama kafaɗunsa in girgiza shi. Tsohon nan ya fi kowa gaskiya a kwarin nan, kuma ya fi kowa wauta.

Talata, 14 ga Oktoba, da hantsi

Mai gari ya zo da dattawa. Bai yarda ya zauna ba, bai karɓi ruwa ba.

"Sakala, ina take?"

"Tana ƙasan kogi, ranka ya daɗe."

"Da idon wa?"



Mai gari ya ce, "Tare aka yi mana kaciya, Sakala. Ni na yarda da kai. Amma yardata ba ta cika cokali ba a garin nan yau. Ka kashe maciji ka ɓoye kansa, ka ce mutane su yi barci?"

Bwana ya sa baki, wai likitoci sun ce abin nan ba guba ba ne, camfi ne kawai. Wani dattijo ya ce, "To Bwana ya kawo ta ya lasa mu gani." Ba wanda ya yi dariya.

Alhamis, 16 ga Oktoba, bayan abincin rana

Ma'aikata sun daina cin abincin kicin. Kowa da ƙullin nshimarsa daga gida, suna ci a bayan gareji. Amai Zgambo ta ɗauki kwanon miyata ta fita tsakar fili, ta yi ta ɗura tana lasar yatsa.

"Ku zo ku ga na mutu, 'yan banza! Kai Ackson, ba kai ne kake satar wa yarinyar nan nama a tukunya ba? Yau tsoro ya kama ɓarawo?"

Ba wanda ya zo. Baƙi kaɗai ke cin girkina, suna aiko wa da yabo.

Wedson a gidan uwarsa yake ci tun ranar Litinin. Ya ce saboda makoki ne.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da almuru

Zakuna sun kayar da ɓauna a tsallake, daidai gaban baranda. Ba su kashe ta ba tukuna suka fara ci ta baya. Tana ta kuka irin na saniya, garken yana tsaye daga nesa yana kallo. Baƙi suka bar abinci suka yi cincirindo, wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana cewa mun yi sa'a da muke zaune a wuri irin wannan.

Na ce mata haka ne, Madam.

Lahadi, 19 ga Oktoba, bayan coci

Bencinmu ni kaɗai.

Litinin, 20 ga Oktoba, da yamma

Na roƙi Atate ya tafi Chipata wurin ƙanwarsa. Na durƙusa masa, abin da rabona da yi tun ranar aurena.

"Wanda ya gudu ya amsa laifi, Ene."

"Wanda ya amsa laifi yana numfashi."

"Kabarin uwarki fa?"

"Ba inda za shi. Zai jira ka."

Da ƙyar ya yarda. Motar sayayya za ta shiga birni ranar Asabar, Bwana ya ce Atate zai kwanta a baya ƙarƙashin tamfol. Amma sai da ya kafa mini sharaɗi. Ranar Alhamis za a tashi makokin Tisa, kuma kowane suruki yana kai gudummawa. Ya sayi sukari a kantin ma'aikata, ya ce in kai.

Na ce, "Atate, a wannan halin? Abin sa wa a baki?"

Ya ce, "In ban kai ba su ce na ƙi su. Yarinyar nan a cinyata ta yi wasa. Ba zan bar garin nan da kunya ba."

Na kai. Surukata ba ta dube ni ba, ta nuna lungu da haɓa, na ajiye kusa da sauran buhunan. Na yi zaton zubar da shi za ta yi.

Laraba, 22 ga Oktoba, da safe

Asabar. Asabar kawai nake jira. Na wanke masa riguna, na soya masa gyaɗa.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da almuru

An tashi makoki. An sha kachasu tun safe, barasar da matan bayan kasuwa ke dafawa a ganga, wadda ko bara sai da ta makantar da mutum a ƙauyen gaba. Da la'asar kawun Wedson ya fara amai, ya ce duhu yake gani. Kafin a samo mota ya cika. Wasu mutum biyu suna asibitin mishan.

Wata ta ce da sukarin gudummawa aka ƙara wa giyar ƙarfi. Wata ta tambaya, sukarin wa?

Na samu Wedson a bayan ɗaki yana zaune kan turmi. Na ce, "Ka san Atate. Shi ya ba ka aron kekensa ka yi ta zuwa zance wurina. Ka dube ni, Wedson."

Ya ce, "Ƙanwata. Yanzu kawuna. Saura wa, Enelesi? Uwata?"

"Buhu nawa ne a lungun nan? Na kowa a haɗe yake!"

"Koma masauki. Kar ki kwana a nan."

Na kama rigarsa, ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Bai yi da ƙarfi ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da hantsi

Na roƙi Bwana a fitar da Atate yau. Ya ce motocin duka suna da baƙi, kuma ya kira 'yan sanda, sun ce ba su da mai. Ya ce gobe da asuba, ya yi alkawari. Na sa Atate a ɗakin wanki, bayan tulin zannuwan gado. Yana ta mita wai an mai da shi ɓera.

Juma'a, da yamma

Baƙi sun fita. Ina jin waƙa daga wajen hanya, ba ta coci ba.

Asabar, 25 ga Oktoba

Motar ta tafi Chipata. Ta dawo da dankali da man girki.

Litinin, 27 ga Oktoba, da rana

Ban gani ba. Kowa yana tambayata, ɗan sanda ma ya tambaya, ban gani ba.

Da suka karya ƙofar shiga, mai gadi ya jefar da sandarsa ya faɗa daji. Na ɗauki wuƙar nama zan fita. Amai Zgambo ta ce in zo in taya ta ɗauko wani abu a ɗakin sanyi, ina shiga ta turo ƙofa ta sa sakata. Na doki ƙarfen nan har farcena ya cire. Na zage ta, na zagi uwarta, na zagi wanda ya haife ta.

Injin sanyi yana da ƙara, amma bai kai ba. Na ji gilasai suna fashewa. Na ji ana cewa a kawo fetur, a cinna wa ɗakunan ma'aikata, da yaran mutane a ciki. Sai na ji muryar Atate, irin wadda yake yi in yana tsawata wa yara a bakin kogi: "Kai, ku ajiye wannan! Ga ni nan. Wa ke nemana?"

Aka yi tsit, har na ce a raina sun ji kunya.

Sannan aka fara. Sauti ne irin na sussukar dawa, sanda bayan sanda, ba gaggawa. Ya kira sunaye. Ba taimako yake nema ba, sunayensu yake kira ɗaya ɗaya, kamar yana so su tuna ya san su. Akwai sunan da ya kira sau biyu. Na toshe kunnena da naman da ke rataye, don shi ne kusa da ni.

Da aka buɗe mini, an riga an rufe shi da zanen tebur. Ma'aikata suna watsa yashi a fili, saboda baƙi sun kusa dawowa. An ce musu bututu ne ya fashe, aka kai su cin abinci a bakin kogi. Sun ga damisa a hanya, sun dawo da murna.

Laraba, 29 ga Oktoba, da yamma

Mun binne shi kusa da Amai, mahaifiyata. Ni, da Amai Zgambo, da fasto, da direban da aka fasa wa baki. Mai gari ya tsaya daga nesa, hula a hannu. Bwana ya aiko da furanni.

'Yan sanda sun kwashi samari, sun sako su. Gari guda ba wanda ya ga komai. Likitan mishan ya ce giyar ce, an dafa ta da abin da bai kamata ba. An ji, an gyaɗa kai, an ce to.

A hanyar dawowa na ce wa Amai Zgambo, "Amai, ke kina waje. Wedson yana cikinsu?"

Ta ce, "'Yar nan, ni tsohuwa ce, idona ba ya gani da nisa."

"Ke da kike hango ƙuda a miya daga bakin ƙofa?"

Ta tsaya ta gyara mini ɗankwali, ta daɗe tana gyarawa. Ta ce, "Zo ki zauna a ɗakina. Akwai katifa."

Na ce ina da gidan miji.

Juma'a, 31 ga Oktoba, da almuru

Na koma gida. Na share tsakar gida, na ɗebo ruwa, na hura wuta. Maƙwabta suna leƙe ta katanga. Na tuƙa nshima mai tauri yadda Wedson yake so, na yi miyar kapenta, ƙananan busassun kifi, da tumatir da ganyen kabewa.

Ya shigo da tsumma ɗaure a hannun dama. Na durƙusa na zuba masa ruwan wanke hannu, na ajiye kwano, na buɗe murfi. Na ce, "Ga abinci, maigida."

Ya dubi kwanon. Ya dube ni.

"Ke ba za ki ci ba?"

"Na ƙoshi."

Ya gutsuro loma, ya murza ta a tafinsa, ya yi ta murzawa har ta huce. Zufa tana ɗiga daga haɓarsa. Cikinsa yana ƙugi, ina ji daga inda nake zaune.

"Enelesi."

"Na'am."

"Ɗan taɓa miyar nan, ki ji ko gishiri ya ji."

Na ce, "Ya ji."

Yana nan zaune har yanzu, lomar tana hannunsa. Ban sa komai a ciki ba. Ba ni da abin sawa, ba a taɓa samun abin sawa ba, yana can ƙasan kogi inda tsohon ya ce. Amma ba zan faɗa masa ba. Gobe ma zan dafa masa, da jibi, da duk ranar da Allah ya ba mu tare.